Wayoyi Biyar Masu Lilo

A Fagge in ka tambayi gidan Alhaji Musiliu Adigun, sai an tsaya tunani. Amma ka ce Baba Riwaya, ko mai rake na bakin Tashar Jirgin Ƙasa zai nuna maka hanya da tsinin wuƙarsa. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana wayarin ɗin mota, aikin da ake kira riwaya, a wata rumfar kwano da ke bayan tashar, har bayansa ya ranƙwafa saboda yawan cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Mahaifinsa ne ya zo daga Ogbomosho da fataucin atamfa, shi kuwa a nan aka binne cibiyarsa. Yarbanci sai a cikin gida, ko in ransa ya ɓaci. Hausarsa ta Kano ce tsantsa, har da gatsen.

Mutum ne mai kirki, wannan ba mai musawa. Sai dai Allah bai yi shi da yarda ba. In ka miƙa masa lemon kwalba sai ya juya murfin ya duba ko an taɓa buɗewa. In ladan ya kira salla sai ya ɗaga hannu ya kalli agogo. Matarsa, Alhaja Silifat, takan ce ranar da aka kai ta gidansa sai da ya leƙa fuskarta sau biyu, ya tabbatar ba a canza masa ba. Shi kuma ba ya ƙaryata ta, cewa yake yi ai dubawa ba laifi ba ce.

Wannan halin ne ya ci da shi. Lokacin da motocin Kwatano suka cika gari, mai hankali ba ya sayen mota sai ya ɗauki Baba Riwaya sun je tare. Ba ya kallon fenti, ba ya sauraron dillali. Zai cire hula ya miƙa maka, ya kwanta rigingine a ƙasan dashbod da 'yar tocila a baki, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Abu guda yake nema: soket da ke lilo ba a jone da komai ba. Da ya same shi sai ya fito yana karkaɗe riga, ya ce, “An cire wani abu a nan.” In aka bincika kuwa haka ne. Ko an sauya rediyo, ko an zare wata na'ura mai tsada a hanya tun kafin motar ta iso. Dillalai ba sa ƙaunar ganin ko inuwarsa. Shi kuwa ya riƙe wannan a matsayin karatun da sana'a ta koya masa, cewa mai ƙera abu ba ya yin waya a banza, kuma duk bakin da ka ga yana lilo, akwai hannun da ya raba shi da abokin zamansa.

A duk Kano mutum ɗaya ne ya samu shiga zuciyarsa, wato Innocent Nwabueze, ɗan ƙabilar Ibo haifaffen Sabon Gari. Sun haɗu suna samari, Innocent na sayar da batir da fis da ƙwan fitilar mota, Musiliu na zuwa saye yana ƙorafi. Daga ƙorafi aka koma hira, daga hira aka koma cin abinci kwano ɗaya. Innocent ne ya tuƙa Silifat zuwa asibiti ranar da za ta haifi autarsu Kaosarat, Musiliu yana Ilori ta'aziyya. Da mahaifin Innocent ya mutu, Musiliu ya rufe rumfa ya bi motar gawar har ƙauyensu, kwana biyu a hanya. Bayan shekaru kasuwar batir ta ja baya, Innocent ya juya shagonsa ya koma kayan kwamfuta. Musiliu ya yi masa dariya, ya ce tsofai-tsofai da shi zai koma sayar da kayan wasan yara. Amma duk Juma'a bayan masallaci can yake zuwa, ya zauna a benci su yi ta gardamar ƙwallo har la'asar. Shekara talatin da biyar ke nan suna tare, kuma wannan abota ita ce abin da Musiliu ya ɗauka ya yi wasa da shi a kan wayoyi guda biyar.

Ga yadda abin ya faru. Kaosarat ta gama difloma, hannunta ya faɗa a zanen katin biki da kalanda da sitika, amma kullum sai ta je shagon wasu ta jira layi kafin ta samu kwamfutar aiki. Ta ce tana son tata. Innocent ya ba ta shawara, maimakon tsohuwa ta hannu, ta sayi kayan ɗaya-ɗaya sababbi a haɗa, ta fi ƙarko. Ta je ya zaɓar mata daidai aikinta, aka loda kwalaye a adaidaita sahu. Har ya ce zai zo ya haɗa mata in ya dawo daga Legas, domin zai tafi ɗauko kaya, mako guda zai yi. Da maganar ta iso kunnen Musiliu sai ya taso.

“Ina raye, wani zai zo ya haɗa waya a gidana?”

“Baami, wannan fa ba mota ba ce,” in ji Kaosarat, da yake haka take kiran babanta da Yarbanci.

“Waya waya ce. Share min teburin nan.”

Ranar Asabar da hantsi, a falon gidansu da ke Rijiyar Lemo, ya sa tabarau ya zauna. Ya jera ƙusoshi a faranti, ya buɗe ɗan littafin da ya zo da kayan, Kaosarat na karanta masa yana gyaɗa kai kamar dama ya sani. Gaskiya a faɗe ta, hannun tsohon bai manta aiki ba. Ya ɗaure babban allon a cikin akwatin ƙarfen, ya dasa ƙwaƙwalwar, ya ɗora mata fanka. Ya ɗaure akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira pawa-pak, wanda wayoyi ke fitowa daga cikinsa tuli guda. Babbar waya mai ramuka ashirin da huɗu ta shiga wurinta da ƙaras. Mai takwas ta shiga can sama kusa da ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi burge shi shi ne kowane baki hanya ɗaya yake shiga, in ka juya shi ba zai yarda ba.

“Wanda ya ƙera wannan abu ɗan'uwana ne,” ya ce yana murmushi. “Shi ma bai yarda da mutane ba.”

Har ƙananan wayoyin nan na maɓallin kunnawa da 'yar fitila, masu siririn baki kamar tsinken sakace, waɗanda ke sa matasa zufa, shi da filaya ya ɗauke su ya zaunar da kowacce a kan ƙafarta. Azahar na yi aiki ya kammala. Ya miƙe zai yi miƙa, sai idonsa ya sauka a kansu.

Wayoyi biyar suna lilo daga jikin pawa-pak. Biyu masu kauri, uku masu faɗin baki. Ya kama kowacce ya zaga da ita cikin akwatin, lungu-lungu, babu ramin da ya karɓe ta. Ya ɗauko tocila. Ya zazzage kwalayen, ya girgiza ledoji. Murmushin nan ya bi iska.

“Kaosara, kwali nawa aka ba ki?”

“Su ke nan, Baami. Ma'ajiyar bayanan ma ga ta can, 'yar sandar nan da ka soke a allo, ba ta buƙatar waya. Sauran ragowa ne. Mu kunna mu gani mana.”

“Ragowa,” ya maimaita, kamar ta zage shi. “Shekara arba'in ina jin dillalai suna cewa ragowa.”

Ta nemo bidiyo a wayarta ta nuna masa wani Bature yana naɗe irin wayoyin yana tura su bayan akwati. Musiliu ya ce ai shi ma Baturen ɗan kasuwa ne. Ta ce to a danna maɓalli kawai, in ta tashi shi ke nan. Ya ce a sana'arsa ba a sakin wuta a kan waya tsirara, mota nawa ya gani ta ƙone ƙurmus a kan haka. Ya zare igiyar da ke kai wuta daga bango, ya naɗe ta, ya jefa a akwatin kayan aikinsa ya danna kwaɗo. Kwamfuta ta zauna a kan tebur da ciki a buɗe, ba a taɓa kunna ta ba.

Tun daga ranar tuwo ya daina yi masa daɗi. Yana alwala yana lissafi. Wa ya zaɓi kayan? Innocent. Wa ya ce shi zai zo ya haɗa da kansa, ya rufe akwati kafin wani ya leƙa? Innocent. Me ya sa tafiya Legas ta taso daidai wannan mako? Sai ya tuna ashe bara ma Innocent ya sake fentin shago, ya sa gilashi. Abubuwan da ba su da haɗi ko na anini, zuciyarsa ta bi su ta jona su tsaf, ai jona waya ne aikinsa.

Silifat ta gaji da ganinsa yana zagaya tebur. “Alhaji, ga waya a aljihunka. Ka kira shi ka tambaye shi mana.”

“Ba a tambayar dillali lafiyar mota.”

“Innocent, Baban Adaeze, shi ne dillali? Ka ji tsoron Allah.”

Abin da bai iya faɗa mata ba shi ne tsoro yake ji. Ya san muryar mai ƙarya, ya saurare ta sau dubu a bakin motoci. In ya kira Innocent ya ji wannan muryar ta fito daga bakinsa, bai san inda zai sa kansa ba. Sai ya ga gara ya nemo hujja a wani wuri tukuna, a ɓoye, ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. A ganinsa wannan ma kare abota ne.

Ranar Talata ya kwance pawa-pak ɗin, ya sa a baƙar leda, ya hau adaidaita zuwa Sabon Gari. Ya shiga shagon farko a layin masu kwamfuta, ya fito da shi ya ɗaga waya mai kauri.

“Ɗana, wannan bakin ina yake shiga?”

“Katin hoto, Baba. Wani allo ne mai fanka biyu, tsada gare shi. Ba ka da shi? Akwai a nan.”

Musiliu ya mayar da shi cikin leda ya fita. A shago na biyu ya nuna masu faɗin baki, aka ce ɗaya ta babbar ma'ajiya ce, ɗaya ta na'urar faifai. A na uku aka ƙara masa da cewa akwai masu sa ƙarin fankoki da fitilu. Babu wanda ya yi masa ƙarya ko ɗaya. Abin da ya tambaya suka amsa, shi kuma bai taɓa tambayar ko dole ne a sa su ba, domin a mota wannan ba abin tambaya ba ne. Kowace amsa sai ta zauna masa a ƙirji kamar dutse: ashe har abu biyar aka zare wa yarinya.

Shago na huɗu na Uchenna ne, wanda ƙofarsa ke kallon ta Innocent, kuma sun shekara goma suna ƙwace wa juna masu saye. Uchenna ya karɓi pawa-pak ya juya shi, sai ya sa farce ya ƙwanƙwasa wata 'yar farar takarda da ke manne a gefe. Takardar garanti ce, irin wadda Innocent ke manna wa duk abin da ya fita daga shagonsa, da sunan shago da kwanan wata ɓaro-ɓaro. Baba Riwaya, mai ganin abin da ke ɓoye a ƙasan dashbod, bai ga wannan ba. Shago uku ya zaga yana ɗaga sunan amininsa sama.

“A'a, ai na Oga Innocent ne,” in ji Uchenna, da ƙarfin da maƙwabta za su ji. “Lafiya, Baba? Wani abu ya ɓace ne?”

Nan ne ya kamata Musiliu ya ce babu komai, ya naɗe ledarsa. Amma bai faɗa ba. Ya ce, “Ni dai tambaya nake yi.”

Uchenna ya san amsar sarai, kullum yana naɗe irin wayoyin nan da hannunsa. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, “To, ni ban ce komai ba. Kai ne ka san waya, Baba.”

Kafin Musiliu ya kai bakin titi magana ta riga shi. Baba Riwaya, wanda bai taɓa kuskuren kama ɓarawon mota ba, yana yawo da kayan Innocent yana neman abin da aka zare.

Juma'a ta zo, bai je benci ba, dama Innocent bai dawo ba tukuna. Ranar Lahadi da rana, suna zaune a falo, aka yi sallama. Innocent ne, da kayan cocinsa, ya rungumo wani tsohon akwatin kwamfuta a ƙirji, gumi na bin furfurarsa. Silifat ta kawo ruwa, ya gode, bai sha ba. Kaosarat ta durƙusa ta gaishe shi, ya dafa kanta. Bai zauna ba. Ya ajiye akwatinsa kusa da nata, ya zare murfin gefe.

“Wannan ita ce ta shagona, shekara shida ina aiki da ita. Musiliu, leƙa.”

Musiliu ya leƙa. A can ƙasa ga wayoyi huɗu an naɗe su an ɗaure da roba, ƙura ta lulluɓe su, ba a jone da komai ba.

“Mai ƙera wannan abu bai san wa zai saya ba,” in ji Innocent, muryarsa a kwance. “Sai ya sa baki da yawa, wanda zai ƙara kaya gobe ya samu wurin jonawa. Yarinya kati za ta zana, na ba ta abin da zai zana kati. In aikinta ya girma, ga bakunan nan suna jiranta. Ina pawa-pak ɗin? Ina igiyar wuta?”

Musiliu ya buɗe kwaɗo ya fito da igiyar, ya ɗauko pawa-pak daga leda. Innocent ya ce masa ya mayar da komai da kansa, ya tsaya yana kallo har ya gama. Sannan ya tattara wayoyi biyar ɗin, ya ɗaure su, ya tura su gefe. Ya ce wa Kaosarat ta danna. Fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, allo ya kawo haske da rubutu. Kwana takwas ke nan abin yana zaune lafiyarsa ƙalau.

Innocent ya sunkuya ya bi ƙananan wayoyin nan da ido. “Ko ɗaya ba ka kuskure ba. Masu digiri ma suna juya waɗannan.” Ya miƙe ya rufe akwatinsa. “Jiya na sauka daga mota, kafin in buɗe shago mutum uku sun yi min jaje. Wata mai makaranta da za ta ɗauki kwamfuta goma ta fasa, an gaya mata ko amininsa ma bincikar kayansa yake yi. Wannan bai dame ni ba, kasuwa ce. Amma lambata tana wayarka, Musiliu. Da ka kira ni ka zage ni ma, da mun yi dariya.”

“Inno, ni ban ambaci sunanka ba.”

“Na sani. An tambaye ka ko wani abu ya ɓace, ka ce tambaya kake yi.”

Ya ɗauki akwatinsa ya fita. Kunya ta rufe Musiliu, irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Kaosarat ta zauna gaban sabuwar kwamfutarta, abin da ta daɗe tana mafarki, ta kasa ko taɓa ta.

Ba za a ce Musiliu bai yi ƙoƙari ba. Washegari ya sa babbar riga, ya ɗauki kwamfutar ɗungurungum da cikinta a buɗe, ya bi shagunan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda bai shiga ba. A kowanne sai ya nuna wayoyin da aka ɗaure ya ce, “Ni ne jahili. Ba a zare komai ba. Innocent bai cuce ni ba.” Suka yi ta dariya suna cewa ba komai, Baba, ai ya wuce. Uchenna ma har da kawo masa kujera. Innocent yana zaune a shagonsa yana gani ta cikin gilashi. Da Musiliu ya shigo ya nemi gafara, Innocent ya ce ya yafe, kuma da gaske ya yafe. Juma'a ta dawo, benci ya dawo, gardamar ƙwallo ma ta dawo, sai dai takan mutu da wuri.

Bayan wata biyu aiki ya buɗe wa Kaosarat, ta sayi firinta, aka rasa wayar da za ta haɗa ta da kwamfuta. Musiliu ya ce shi zai sayo. Har da ɗan farin cikinsa, ya samu dalilin zuwa ranar da ba Juma'a ba.

Innocent ya tarbe shi da fara'a, ya tambayi Alhaja, ya tambayi yarinya. Ya ɗauko wayar daga kanta. Musiliu ya miƙa hannu zai karɓa, sai ya ga Innocent ya yage ledar, ya jona baki ɗaya a kwamfutarsa, ɗaya a firintar shago.

“Haba, Inno. Ba sai ka gwada ba.”

“Gara a gwada.”

Ya leƙa ƙofa ya ɗaga murya. “Uchenna! Zo ka gani, don Allah.”

Uchenna ya tsallako yana goge hannu. Firinta ta yi ƙara ta turo takarda. Innocent ya ɗaga ta ya nuna masa, ya nuna wa Musiliu, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

“Ka shaida tana aiki?”

“Tana aiki,” in ji Uchenna.

Innocent ya naɗe wayar a hankali, ya sa a leda, ya miƙa da hannu biyu. Musiliu ya karɓa. Ya fito ya tsaya a bakin titi da ledar a hannu, adaidaita uku suka tsaya suna tambayarsa ina zuwa, bai ji su ba. Tsoho ɗan shekara sittin da bakwai, a tsakiyar Sabon Gari da rana tsaka, hawaye yake yi.